Gizon Safa



Ranar wata Babbar Sallah, shekara biyu da suka wuce, na kwashi iyalina muka tafi Aboabo gaida iyayena kamar yadda muka saba. Gida ya cika maƙil, hayaƙin suya ya turnuƙe tsakar gida, Mma tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, jikoki suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa suna karɓar barka da Sallah. Da ta hango autata, wadda a lokacin shekararta huɗu, sai ta washe baki ta ce, "Ga kishiyata nan ta iso! Ke, wa ya ba ki zanen da ya fi nawa kyau? Zo nan ki faɗa min gaskiya, ko mijina ne ya saya miki a ɓoye?"

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san amsar da ake jira. Jika za ta murguɗa baki ta ce ai tsohuwa ta kwana biyu, yanzu zamanin amarya ne, kaka ta ɗauki muciya ta yi kamar za ta bi ta, gida ya ɗauki dariya. Haka na ga yayyena mata suna yi da kakarmu. Amma yarinyar nan sai ta tsaya tana kallon Mma kamar an yi mata magana da harshen tsuntsaye. Can ta juyo ta kama ƙafar wandona, ta tambaye ni da Turanci wai me tsohuwar nan take cewa. Mma ta dube ni ta ce, "Me ta ce?" A ranar Sallah, a gaban dangi, na zama tafinta tsakanin uwar da ta haife ni da 'yar da na haifa. Wasa kuwa idan ya bi ta bakin tafinta ya riga ya mutu a hanya. Mma ta miƙa mata kuɗinta, ta sa mata albarka, ta juya ga na baya.

Da za mu tafi ta kira ni ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa. Yarinyar nan ba ƙiwa take yi min ba. Rowa aka yi mata."

A hanyar komawa ban ce uffan ba, domin na san inda maganar ta dosa. Yayyenta biyu a Aboabo aka haife su, a gidan haya mai ɗakuna da yawa, inda yaro ke buɗe ido ya ji mai koko da ƙosai tana ciniki da Hausa, ladan yana sanarwar suna ko jana'iza da Hausa, faɗan layin famfo ma da Hausa ake yin sa. Babu wanda ya zaunar da su ya koya musu, sun sha ta ne kamar yadda suka sha ruwan gidan. Ita kuwa autar, sai da Allah ya hore mana muka gina ɗan gidanmu a bayan gari, kan hanyar Ejisu, sannan ta zo duniya. Maƙwabtanmu na can Tonawa ne, mutanen kirki, da harshensu na Twi yara ke wasa a layin. Yayyenta suna makarantar kwana. Tana da shekara biyu muka sa ta makarantar renon yara, inda ba a yarda da wani harshe sai Turanci. A gida kuma ni da mahaifiyarta muka ɗauki ɗabi'ar yi mata Turanci, wai don kada ta sha wuyar da muka sha ranar da muka fara shiga aji ba mu san ko "zo in kashe ka" ba. Sannu a hankali Hausa ta koma harshen da muke yi idan ba ma so ta gane abin da muke cewa.

Sai kuma wayar hannu. Idan uwarta tana girki, ko ni na dawo a gajiye, akan kunna mata YouTube a miƙa mata don a samu sarari. Abin da ta fi so shi ne wani shirin Amurka mai suna Sesame Street, a cikinsa kuma wata jar 'yar tsana mai gashi buzu-buzu da siririyar murya da ake kira Elmo. A bakin Elmo ta koyi ƙirga daga 1 zuwa 20, ta koyi launuka da haruffa, har da lafazin Amurkawa. Idan baƙi suka zo nakan kira ta ta ƙirga musu, suna tafi ina jin kaina yana fasuwa.

Washegarin Sallar nan na ƙwace wayar na kulle a akwati. Ɗora wa tsumma laifi ya fi sauƙi a kan mutum ya ɗora wa kansa. Ta yi kuka kwana biyu, Hausa kuwa ba ta faɗo daga sama ta shiga bakinta ba. A rana ta uku uwarta ta ce min in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na fito da wayar, na zauna kusa da yarinyar, a karo na farko na kalli abin da take kallo tun daga farko har ƙarshe.

Na lura da abubuwa uku. Na farko, ba sa gaggawa. Kalma ɗaya za a juya ta a waƙa, a juya ta a wasa, a sake kawo ta a hoto. Na biyu, 'yar tsanar tana duban yaro ido cikin ido ta yi masa tambaya, ta ɗan jira amsa. Na uku shi ya fi taɓa ni. Masu shirin sun ba Elmo shekara uku da rabi, wato ƙanenta ne. Yakan yi kuskure, yakan manta, yakan tambayi abin da ita ta riga ta sani, sai ka ga ta miƙe tana ihu tana gyara masa. A gabana kullum ita ake gyara wa. A gaban Elmo ita ce malama.

Daga nan na shiga neman tarihin shirin. An fara nuna shi a Amurka ranar 10 ga Nuwamba, 1969. Wannan wata ba baƙo ba ne ga mutanen zango, domin kwana takwas bayan haka ne gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi, wadda ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasar nan. Har yau Mma tana lissafa ƙawayenta na ƙuruciya da aka loda a manyan motoci ba ta sake ganin su ba. A watan da zangunanmu ke raguwa, a can wasu suna zaune suna tunanin yadda za a yi wa yaran talakawansu hanya.

Mutum biyu ne suka kafa shirin, wata mai shirya shirye-shiryen talabijin, Joan Ganz Cooney, da wani masanin halayyar ɗan Adam, Lloyd Morrisett. Sun lura ƙananan yara suna haddace waƙoƙin talla na talabijin ba tare da kowa ya koya musu ba. Suka ce idan akwatin nan zai iya sa yaro ya haddace tallan kayan sayarwa, me zai hana ya koya masa haruffa da ƙirga? Waɗanda suka fi sa a gaba su ne 'ya'yan talakawan birane, musamman baƙaƙen fata, masu shiga aji ɗaya a bayan 'ya'yan masu hali. Saboda haka suka gina dandalin wasan kamar wani titi a unguwar talakawan New York, da matakalar ƙofar gida, da garwar shara, da ɗan kanti a kusurwa, domin yaro ya kalla ya ga layinsu. Jim Henson ne ya kawo 'yan tsanar.

Akwai wani abu da ya faru kafin a fara nunawa wanda ya ba ni mamaki. Masana sun ba da shawarar kada a haɗa mutane da 'yan tsana a fage guda, wai kada yaro ya rikice tsakanin gaskiya da almara. Aka bi shawararsu, sannan aka gwada a gaban yara. Hanyar gwajinsu mai sauƙi ce: sukan ajiye wani allo kusa da talabijin mai sauya hoto bayan 'yan daƙiƙoƙi, su zauna suna lura da inda idon yaro ya karkata. Sai aka ga idan 'yan tsana suka fito yara sun kafe ido, da zarar manya suka fito su kaɗai suna surutu, hankali ya tafi wani wuri. Aka ajiye shawarar masana aka bi ta yara. Haka aka samu Big Bird, ƙaton tsuntsu rawaya da ya haura ƙafa 8, yana yawo a titin tare da mutane. Mutumin da ke cikinsa, Caroll Spinney, ya yi wannan aiki daga 1969 har 2018, hannunsa na dama a miƙe sama cikin wuyan tsuntsun yana motsa baki, yana duban wani ɗan ƙaramin talabijin da ke ɗaure a ƙirjinsa don ya ga inda ya dosa.

Da shirin ya bazu duniya, wasu ƙasashe suka gina nasu titin da nasu 'yan tsanar. A Kuwait an fara Iftah Ya Simsim a 1979 da Larabci, sunan kuwa daga kalmar da Ali Baba ya faɗa a bakin kogo aka ɗauko shi, simsim shi ne riɗi. Afirka ta Kudu ta fara Takalani Sesame a 2000, a 2002 kuma ta fito da Kami, 'yar tsana marainiya mai shekara biyar da ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, domin yara su daina gudun 'yan uwansu masu ita. A 2011 Nijeriya ta fara nata, Sesame Square, a tashar NTA da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka. Kami ta zo can, aka haɗa ta da Zobi, shuɗin direban tasi wanda ba abin da yake so a duniya kamar doya. Daga baya aka mayar da shirin Hausa da sunan Dandalin Sesame.

Ina karanta wannan sai ƙuruciyata ta dawo min. A layinmu talabijin ɗaya ne, baƙi da fari, a shagon wani tela, tasha kuma ɗaya ce, GBC. Mukan yi cincirindo a taga mu kalli Koliko, 'yan tsanar nan masu rawa da kiɗa, daga baya kuma By the Fireside, inda Maame Dokono ke tara yara tana ba su labarin Ananse. Mun san Ananse shi ne Gizonmu, sata ɗaya, haɗama ɗaya, amma ba mu taɓa jin ya buɗe baki da Hausa a cikin akwatin ba. Gidan rediyon ƙasa yana karanta labarai da Hausa, iyayenmu suna kama BBC da Muryar Amurka da ta Jamus safe da dare, sai dai wannan duka tuwon manya ne. Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar a makarantu, irin su Twi da Ewe da Ga da Dagbani. Mu ba mu ji ciwon haka ba, domin zango ya ishe mu makaranta. Yaron da aka fitar daga zango fa, wace makaranta ta rage masa?

Na nemo 'yan guntayen shirin Hausar na kunna mata. Ta zaro ido, ta dube ni, ta sake duban wayar, ta ce da Turanci, "Baba, yana magana irin ta Kaka!" Ta kalla na ɗan lokaci, sannan ta ce a mayar mata da Elmo. Ban ga laifinta ba. Hausar can ce, da sauri ake yin ta, yaran da suka riga suka iya aka yi wa, ita kuwa ba ta da tushen da za ta ɗora. Amma maganarta ta tsaya min a rai. Ashe a tunaninta Hausa harshen tsofaffi ne da masu ɓoye mata zance, ba ta taɓa zaton abokin wasa zai iya yin ta ba.

Da na ba Mma labari sai ta yi dariya ta ce, "Yau ne Turawa suka gano 'yar tsana tana magana?" Mahaifinta bafataken goro ne daga ƙasar Kano, shi ya ba ta labarin masu dabo-dabo. Mutum zai kafa sanda a dandali, ya rufa mata babbar riga kamar laima, ya shige ciki ya ɓuya, sai 'yan tsana su riƙa leƙowa ta wuyan rigar a kan hannunsa, suna faɗa suna soyayya suna tsokanar manya. Yakan sa wani abu a baki mai siranta murya, abokinsa a waje yana kiɗa yana maimaita wa jama'a abin da suka ce. Na bincika na tarar a Nijar diyan dabo ake ce musu, a Barno kuma dogodogo. Ita kanta Mma da totuwar masara ta yi tata 'yar tsanar, ta ɗaura mata ƙyalle, ita da ƙawayenta har biki suka yi mata da gara da komai. Ta ce, "Ku ne dai kuka ɗauka sai abin da aka saya a kanti."

A daren nan na ɗauko wata tsohuwar baƙar safa da ta rasa 'yar uwarta. Uwar yara ta cire maɓallai biyu daga tsohuwar rigata ta ɗinka mata idanu, ta sa jan ƙyalle a matsayin harshe, ta yi mata ƙafafu da zaren saƙa da 'yar hula a ka. Bayan sallar Isha'i na ɓuya a bayan kujera, na ɗago hannu, na maƙe murya na yi sallama. Gizo ya zo gidanmu.

Doka ɗaya na kafa masa: Gizo ba ya jin Turanci. Idan ta yi masa Turanci sai ya waiga hagu ya waiga dama, ya sosa ƙeya, ya ce, "Me? Ni ban ji ba." Sauran halinsa kuwa tun zamanin kakanni aka rubuta masa shi. Mayunwaci ne, maƙaryaci ne, kullum yana neman ya cuci wani, kullum kuma a kansa take ƙarewa. Nakan sa ƙosai biyar a faranti in ce su raba. Gizo zai ƙirga, "Ɗaya, biyu, biyar, sun ƙare," ya tura biyu ƙarƙashin hularsa. Tana gani da idonta an cuce ta, ta yi ƙara da Turanci, Gizo ya ce bai ji ba. Ta ruga wurin uwarta a ɗakin girki ta tambayo yadda ake faɗa, ta dawo a guje. Kalmar Hausa ta farko da 'yata ta furta don kanta, ba wanda ya ce ta maimaita, ita ce "ɓarawo". Na so a ce "ina kwana" ce, amma na karɓa hannu bibbiyu. Cikin mako biyu ta iya ƙirga zuwa goma, domin wanda bai iya ƙirga ba Gizo zai cinye masa rabo.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya tafi sumul. Akwai daren da take cewa ba ta son Gizo, Elmo take so. Akwai daren da ni ne ba na so, na dawo daga aiki na sha cunkoson Kejetia, maƙogwaro ya bushe. Minti goma kacal nake ɗaga hannu kafaɗata ta fara zogi, sai in tuna mutumin da ya ɗaga nasa kusan shekara 50 a cikin tsuntsu. Babban kuskurena kuwa shi ne ranar da na ga Gizo ya samu fada a wurinta, na ce bari in yi amfani da shi. Gizo ya fara cewa ta cinye abincinta, ta daina kuka, ta je ta kwanta da wuri. Ba ta yi wata-wata ba ta fizge safar daga hannuna ta jefar, ta ce wannan ba Gizo ba ne, Baba ne. Kwana huɗu ba ta kula shi ba. Sai da ya dawo ya saci takalminta ɗaya ya rantse bai gani ba, alhali igiyar tana leƙe daga bakinsa, sannan aka shirya. Abin da Amurkawa suka kashe kuɗi suka gano da allon gwaji, ni a tsakar ɗakina 'yar shekara huɗu ta koya min shi kyauta: da zarar babba ya fara wa'azi, idon yaro ya bar wurin.

Wata Asabar muka tafi Aboabo da Gizo a aljihu. Yayana ya gan ni durƙushe a bayan turmi ina maƙe murya, ya tsuke fuska. Ya ce abu mai ido da baki ai mutum-mutumi ne, bai kamata a shigo da shi gidan salla ba, sannan magidanci mai furfura a gemu yana wasa da safa a gaban mata, wannan zubar da girma ne. Na yi shiru, domin gaba yake da ni. Baba yana kishingiɗe a kan buzunsa yana jan carbi, shi na fi jin tsoro. Sai ya ɗago ya tunatar da yayana cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma maganar tana cikin Bukhari. Game da girma kuwa ya ce, "Ƙyale shi. Bashi ya ci, biya yake yi."

Mma ce ta kawo ƙorafin da ban zata ba. Ta saurari Gizo na ɗan lokaci sai ta ce, "Wannan Gizon naka ba ya bambance mace da namiji." Gaskiyarta. Ni da kuke gani ina rubutu haka, a littattafai da rediyo na koyi wannan Hausar. Bakina na zango ne, mu kuwa a nan "yarinya ya zo" muke cewa, "mata na ya tafi kasuwa", ba mu damu ba. Duk wanda ya taɓa zuwa Kano a cikinmu ya san murmushin da ake yi idan ya buɗe baki, a ce ga mai Hausar Gana. Na ce wa Mma a bar yarinya ta samu ta zango tukuna, ita ce za ta yi ciniki da ita a Aboabo, gyara ya biyo baya. Mma ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ita ubanta bai ce mata "kai" ba, jikarta ma ba za a ce mata ba. Na ce ai Gizo dama da tsamin baki aka san shi. Ta ce to, ai yana da mata.

Mako na zagayowa muka tarar ta ɗinka tata da safar Baba, da ɗankwali da 'yan kunne na tsakiya. Ƙoƙi ke nan. Tun daga ranar wasan ya tashi daga hannuna. Gizo ya yi kwaɓa, Ƙoƙi ta gyara masa, ta ƙwale shi a ka, yarinya ta faɗi ƙasa don dariya ta goyi bayan Ƙoƙi. Sauran jikokin gidan suka fara taruwa, har da waɗanda suka wuce shekarun abin. Idan hannun Mma ya gaji sai ta ajiye safar a cinya ta ce ga ta nan ga ta nanku, yaran gida su amsa, 'yata ta dubi bakinsu ta amsa a bayansu. Ba a daɗe ba ta daina zama kusa da ni, ta koma jikin kakarta.

Yanzu shekararta shida. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta zama Bakanuwa ba. Tana jin kusan duk abin da aka faɗa, amma rabin amsarta da Turanci take bayarwa, kuɗi ma da Turanci take ƙirga su. Ta daɗe da sanin hannuna ne a cikin safar, wani lokaci ita ke sawa ta tsokane ni. Elmo kuwa ta girme shi ta bar shi, ban kuma riƙe shi da komai ba. Aikin da aka yi shi dominsa ya yi, da harshen waɗanda suka yi shi. Ni da uwarta mun daina ɓoye zance da Hausa, da ita muke kiran ta cin abinci, da ita muke yi mata faɗa.

Abin da ke damuna shi ne na san ba gidana kaɗai ba ne. Duk wanda Allah ya buɗa wa a zango, abu na farko da yake yi shi ne ya sayi fili a bayan gari, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi sarari da iska. Amma muna kwashe katifa da tukwane mu bar harshe a tsohon gida. Ga samarinmu a Aboabo da Nima da zangon Tamale suna ɗaukar wasan barkwanci da waya dubbai suna kallo, ga teloli a kowane lungu, ga tsofaffi cike da tatsuniya suna tafiya da ita kabari ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan basira manya ake yi wa. Ban ga abin da zai hana a samu shiri na minti biyar don 'yan shekara uku da huɗu ba, a ƙofar wani gidan zango, ga mai waakye a gefe, ga trotro yana wucewa, da Hausar da muke yi. Kayan aikin ba su fi safa da maɓalli ba. Abin da zai yi wuya shi ne haƙurin zaunar da yara a gwada musu, a jefar da duk abin da ya burge manya amma bai riƙe idon yaro ba. Ko an yi shi ma, na riga na gani a gidana cewa allo share fage kawai yake yi, sai an samu cinyar da yaro zai zauna a kai.

Sallar da ta wuce mun je Aboabo. Idon Mma ya fara rauni, sai da yarinyar ta matso sosai ta gane ta. Ta ce, "Kishiya, kin zo ki ƙwace min miji ko?" Na riƙe numfashi. 'Yata ta kama ƙugu, ta murguɗa baki, ta ce, "Kai tsoho ne, ba ka da haƙori, Baba tsoho ni yake so!" Tsakar gida ta kaure da dariya, Mma ta yi ta yi har da hawaye tana goge ido da bakin mayafi. Da ta lafa sai ta jawo ta jikinta ta ce, "Ba haka ake zagina ba. Ce, ke tsohuwa ce, ba ki da haƙori." Yarinya ta maimaita. Mma ta ce, "Yawwa. Sake faɗa." Ta sake. Sannan ta lalubi muciya, 'yata ta zura da gudu ta ɓuya a bayan kakanta.

Gizo da Ƙoƙi suna can a ɗakin Mma, cikin kwallar da take ajiye goro. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya mana zuriya a kan abin da zai amfane su. Amin.